Masu Neman Sakamako a Labon Glass

Assalamu alaikum jama'a. Wannan abin da zan ba ku ba a bakin wani na ji shi ba, ba kuma a waya na tsinto shi ba, ni ɗin nan da nake rubutu ni ya faru da ni, kuma na rantse da Allah ban ƙara masa komai ba, in ma akwai abin da na taɓa to sunayen mutane ne na sauya saboda 'ya'yansu na nan da rai. Wanda ya yarda ya yarda, wanda bai yarda ba ma ban ga laifinsa ba, don ni kaina da wani ne ya zo mini da shi da sai in ce ya je a duba masa kai.

Shekara shida ke nan ko bakwai, lokacin ina aiki a Libreville, a unguwar Glass, a wani gidan gwajin jini mai zaman kansa, irin wanda mutanen can ke kira labo. Ni mutumin Kano ne, kawuna ne ya kai ni Gabon tun ina saurayi in riƙa taya shi zaman kanti a unguwar Alibandeng, da na ga kaina ba ya ja a harkar awo da ƙulli sai na shiga makarantar kwamfuta, na koyi Faransanci a dole, har Allah ya sa na samu wannan aikin. Duk abin da ke da waya a jikinsa a labon nan ni ake kira. Amma babban abin da aka ɗauke ni dominsa shi ne sarba, wato wata babbar kwamfuta da ke wani ɗan ɗaki a bayan teburin karɓar mutane, ɗakin ba taga, sai na'urar sanyi da ƙofar gilashi da kake hango masu jira ta cikinta. Injinan gwaji su ke tura mata sakamako, mai labon kuma, wata likita 'yar ƙasar da duk muke kira Madam, ita ke dubawa ta sa hannu ta kwamfutarta, sannan a buga wa mutum takardarsa, ko shi da kansa ya shiga ta wayarsa da lambar da ke jikin rasit ɗinsa ya gani. Ƙananan asibitoci da yawa ma ta nan suke ɗaukar sakamakon marasa lafiyarsu.

To ga yadda abin yake, don ku gane abin da zai biyo baya. Duk wanda ya shigo neman sakamako, ta waya ko ta kwamfuta, sarbar tana ba shi gurbi guda, ta ba shi amsarsa, ya tashi, wani ya shiga gurbin. Gurbi ɗari biyu na buɗe mata, kuma shekara biyu ina wurin ban taɓa ganin an cika rabi ba, ko da ƙarfe sha biyun rana, lokacin da Madam ke isowa daga asibitin da take aikin safe ta fara sa hannu, kowa ya rufo a lokaci ɗaya.

Sai wata Litinin cikin damina, ana irin ruwan Libreville ɗin nan da ba ya tsayawa, sha biyu ta ɗan gota, matar da ke teburin karɓa ta leƙo ta ce mini komai ya tsaya. Na duba, gurbi ɗari biyu duk a cike. Na ce to madalla, kasuwa ta buɗe, na mayar da shi ɗari biyar. Wallahi kafin in ɗauke hannuna daga kan kwamfutar ya cika. Na kashe sarbar na kunna, ta tashi lafiya lau, ba a yi minti uku ba ta sake cikewa. Haka muka yi ta fama har la'asar, sannan ba tare da na yi komai ba sai na ga adadin yana sauka da kansa, yana sauka, har ya koma goma sha wani abu kamar kullum. Na tafi gida ina cewa matsalar rezo ce, layin sadarwar garin nan dama in ana ruwa haka yake. Washegari sha biyu da 'yan mintuna abin ya dawo. Rana ta uku ma haka.

Ba abin da ban yi ba, wanda ya san aikin nan zai shaide ni. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne sarbar ba ta gaji ba, ƙwaƙwalwarta ba ta cika ba, injinta ba ya zafi, faifan ajiyarta ba ya wahala, tana zaune ne kawai kamar mai shagon da mutane suka cika masa shago, ba mai saye ba mai fita. Masu shigowar nan sai su tambayi sakamako ɗaya, a ba su, su ƙi tashi. Na rage lokacin da ake barin mutum ya zauna shiru, na ce duk wanda ya yi daƙiƙa goma a kore shi, ana korar su suna dawowa a cikin daƙiƙar. Na ƙara gurbi zuwa dubu biyu, ya cika. Na sa Madam ta sayi ƙarin ƙwaƙwalwa da sabon faifai mai sauri, na gyara tsarin rumbun bayanai yadda neman lamba ba zai ɗauki lokaci ba, na canza kebul, na canza akwatin da ke raba rezo, na kira kamfanin intanet na zazzage musu faɗa, suka turo mini shaidar cewa layinmu ko kwata bai cika ba. Kai, har wutar ɗakin sai da na sa aka sake ja.

Ku kuwa kun san abin da wannan ke nufi a wurin da ake gwajin jini. Madam ba ta da lokacin sa hannu sai tsakanin sha biyu da huɗu, daidai lokacin da abin ke kamawa, ko ta tsaya bayan la'asar ba ta cin rabin abin da ya taru, sai na yau ya hau kan na jiya, na jiya ya hau kan na shekaranjiya. An gwada kwafowa da hannu daga jikin injina, a sati na biyu aka musanya wa mutum biyu sakamako, Allah ya kiyaye aka gano da wuri, daga ranar Madam ta hana. Ɗakin jira ya cika har bakin titi, masu ciki, tsofaffi, masu zazzaɓi suna rawar sanyi, kowa da rasit a hannu, ni kuma ina cikin ɗakin gilashi suna kallona kamar ni na riƙe musu. Wani mutum ya taɓa dukan ƙofar da tafin hannu yana cewa 'yarsa na kwance, likita ya ƙi ba ta magani sai ya ga takarda. Wallahi ban iya ɗaga kai na dube shi ba.

Da abin ya ƙi, Madam ta ɗauko wani ƙwararre, Alan, mutumin Kamaru, wanda manyan ofisoshi ke rububinsa. Ya zo da jakarsa da ƙamshin turarensa, ya saurare ni minti biyu ya yi murmushi ya ce, "Ɗan uwa, hari ake kawo muku daga waje, tsohon salo ne, yau za mu gama." Ya kafa shinge, ya toshe duk adireshin da ba na Gabon ba. Sha biyu ta yi, gurbi ya cika. Ya buɗe rajistar da sarbar ke rubutawa da kanta, inda take ajiye adireshin duk wanda ya shigo, sai na ga murmushin ya ɗauke. Adireshin masu shigowar duk ɗaya ne, kuma na sarbar ne ita kanta. Ya ce to ƙwayar cuta ce ta shiga cikinta. Muka kawo sabuwar na'ura fil a kwali, muka ɗora komai daga farko, ba abin da muka ɗauko daga tsohuwar sai bayanan marasa lafiya, su ma sai da ya tace su, muka buɗe mata gurbi har dubu biyar. Ranar Alhamis da safe muka kunna ta. Sha biyu da minti bakwai, ina kallon agogo, adadin ya fara hawa.

Alan ya bi duk abin da ke aiki a cikin na'urar ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ke aika buƙatar nan. Ya ce to lallai daga waje suke, fuskar sarbar kawai suka ara. Ya tashi ya zagaya bayanta ya ce, "Bari mu ga ta inda za su shigo yanzu," ya fizge kebul ɗin rezo ya ɗaga shi sama. Jama'a, kebul ɗaya ne tak ke shiga na'urar nan ban da na wuta, ba ta da abin kama rezo ta iska, ni na buɗe kwalinta da hannuna. Kamata ya yi cikin daƙiƙa goma gurbin nan duk su zube. Wallahi tallahi ƙaruwa adadin ya yi. Muna tsaye mu biyu, kebul na lilo a hannunsa, lamba tana hawa a kan allo, ɗaya bayan ɗaya, a natse, ba gaggawa. Ɗakin da sanyi amma rigata ta jiƙe sharkaf. Alan ya sauke kebul ɗin ƙasa a hankali kamar mai ajiye maciji, ya ce zai je ya yi tunani. Bai sake ɗaga wayar Madam ba, ko cajar kwamfutarsa da ya manta a ɗakina bai dawo ɗauka ba.

Bayan ya tafi sai na yi abin da ban taɓa yi ba. Duk makonnin nan ƙirga masu shigowa nake yi, ban taɓa tambayar me suke nema ba, don a aikinmu ba ka buɗe sakamakon mutane, amana ce. Ranar na fitar da jerin lambobin rasit ɗin da suke tambaya. Kowane gurbi lamba ɗaya yake tambaya, ba ya sauyawa, ba kuma gurbi biyu da suka haɗa lamba. Duk tsofaffin lambobi ne, na bara, na bara waccan, har da na tun kafin a ɗauke ni aiki, kuma kowace a gabanta an rubuta ba a karɓa ba. Na danna ɗaya da ka, sunan wata mata ya fito, ban san ta ba. Na danna ta biyu, na danna ta uku. A ta shida ko ta bakwai sai ga shi, Garba, direba, Alibandeng.

Baba Garba mutumin Damagaram ne, tasi yake ja a hanyar bakin ruwa, maƙwabcin kawuna ne, shi ya fara zagaya gari da ni lokacin da na zo. Shekara ɗaya da rabi kafin wannan rana ya rasu, da hannuna na kama makararsa. Na tuna an ce ya je awon jini ranar Talata, Laraba ya faɗi a cikin motarsa. Sakamakonsa yana nan an sa hannu, ba wanda ya zo karɓa, kuma ga shi a gabana ana tambayarsa, ana ba da amsa, ana sake tambaya.

Na ɗauki lambobin waya goma daga cikin jerin, na fita baranda ana yayyafi, na riƙa kira ina cewa daga labo ne, akwai tsohon sakamako da ba a karɓa ba. Uku ba su shiga ba, bakwai sun shiga. Wata ta ce mini, "Mijina kake nema? Sai yanzu kuka tuna da shi?" ta fashe da kuka. Wani ya ce mahaifiyarsa ce, tun bara aka kai ta ƙauye aka binne. Bakwai ɗin nan babu mai rai ko ɗaya. Na zauna a kan matakala ina ta innalillahi, ruwa na dukan ƙafata ban ma ji ba.

Na sami limamin masallacinmu bayan la'asar na kwashe komai na gaya masa. Ya ce, "Ɗana, wanda ya mutu ya mutu, ba ya dawowa neman takarda. Amma ba zan ce ƙarya kake ba, halittun Allah da ba mu sani ba sun fi waɗanda muka sani. Ka riƙa neman tsari kafin ka shiga ɗakin." Na yi. Na kunna karatu a wayata na ajiye a kan sarbar tun safe. Sha biyu ta gota suka zo, ko mutum ɗaya bai ragu ba.

A cikin wannan halin ne kuma Inna Habsu ta shigo maganar, kuma nan ne har yau nake kasa yafe wa kaina. Ita ce matar Baba Garba, tuwo take sayar wa 'yan dako a tashar jiragen ruwa ta Port Môle, tun ina gwauro ita ke ajiye mini abinci. Ta daɗe ƙafafunta na kumbura, ta rame, tana cewa tsayuwa ce kawai. Da na ga sunan mijinta a jerin nan sai tsoro ya kama ni, na same ta na ce, "Inna, don girman Allah ki zo wurinmu a yi miki awo, kada a yi irin ta Baba." Ta ce, "Ɗan Kano, ni tsoron likita nike, ka bar ni da jiƙona." Na yi ta lallashinta har ta yarda. Da akwai wasu labo a garin, amma na ce ta zo namu tunda ina ciki zan sa ido, kun ji wautar da na yi. Ranar Litinin na sa ta a tasi da kaina aka ɗebi jininta. Talata ta zo, babu sakamako. Laraba ta zo, babu. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, sai ta zauna a ƙarshen benci da carbinta, in na fito ta ce, "Yi aikinka, ɗana, ina nan."

Larabar da yamma na yanke shawara, na ce tunda tsofaffin sakamako suke nema bari in kwashe su gaba ɗaya. Duk wanda ba a karɓa ba da ya wuce wata uku na zuba shi a wani faifai daban, na zare faifan na kulle a durowa. Alhamis Inna ta zo da wuri, ta miƙo mini 'yar salularta mai madannai, wadda aka ɗaure bayanta da roba, ta ce in sa mata caji. Sha biyu ta yi, shiru. Sha biyu da kwata, shiru. Madam ta fara sa hannu kamar inji, tana farawa daga waɗanda suka fi daɗewa, firinta na ta aman takarda, mutane na karɓa suna fita, matar teburin har da rawa. Ni kuwa nan tsakar ɗakin na faɗi na yi sujada.

Ɗaya saura kwata suka dawo, gaba ɗaya, a daƙiƙa guda, kamar sun je nema wani wuri ba su samu ba. Suna tambayar lambobin da babu su, sarbar na ce musu babu, suna zaune. Na fitar da jerin, na gangara ƙasa, sai na ga a can ƙarshe akwai lambobi tara da ba tsofaffi ba ne, na wannan satin ne. Ta huɗu a cikinsu na haddace ta, don ni na karɓi rasit ɗin ranar Litinin. Lambar Inna Habsu ce.

Na juya na dubi salularta tana caji a kan teburina, wayar da ko intanet ba ta yi. Na dubi ta gilashi, ga ta can a ƙarshen benci tana jan carbi. Na fita, na durƙusa a gabanta na ce, "Inna, ya jikin?" Ta ce, "Yau da sauƙi, alhamdulillahi. Sai dai mutane sun yi yawa, ɗana, ko numfashi ba a iya yi a wurin nan." Tana faɗa tana tattare zanenta tana matsawa jikin bango kamar mai ba wani wuri. Jama'a, a lokacin nan ɗakin jiran bai kai rabi ba, an sallami mutane da yawa, bencin da take kai ita kaɗai ce a kansa.

Ban tsaya neman izinin kowa ba, na faɗa ɗakin gwaji na ce wa mai kula da injin ko ya kwafo mini sakamakon nan yanzu ko mu yi abin da za a kore mu tare. Ya kwafo, na kai wa Madam. Tana dubawa ta miƙe tsaye ta ce, "Yaushe aka ɗebi jinin nan?" Na ce Litinin. Ta dube ni, ni ma na dube ta. Ƙodojin Inna ne suka kusa tsayawa. A motar Madam aka kai ta asibiti, na sa mata takardar a hannunta, na ce ga shi Inna, ya fito. Ta ce Allah ya yi maka albarka. Asabar da hantsi ta cika. Na tambayi likitan da ya duba ta ko da an kawo ta tun Litinin da ta tashi, ya ɗaga kafaɗa ya ce wataƙila, wataƙila kuma a'a. Wannan wataƙilar ita nake ɗauke da ita har yau.

Litinin na koma aiki da ɗan guntun tunani guda da ya rage mini, cewa ita dai ta karɓi nata, hannu da hannu, na kuma rubuta an karɓa a gaban lambarta, to ba ta da abin nema. Sha biyu ta gota na fitar da jerin. Tana nan. Na buga sakamakon Baba Garba daga faifan da ke durowa na kai wa 'yarsu, na ce ta karanta ta yi musu addu'a, aka yi sadaka, washegari na duba, su biyun duk suna nan. Nan na gane ban fahimci komai ba, duk lissafin da na yi na banza ne, ba takarda ake nema ba, kuma ban san me ake nema ba.

Sauran lambobi takwas ɗin fa? Na shiga ofishin Madam na rufe ƙofa na nuna mata komai daga farko. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba, ta buɗe sakamakon mutum takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya, biyar a cikinsu lafiyarsu ƙalau, ba abin da gwaji ya nuna. Ta cire tabarau ta ce, "Kana so in kira su in ce musu me?" Na miƙe zan fita. Ta ce kada in sake nuna wa kowa. Duk da haka na kira ɗaya a ɓoye, wani mai walda, na ce masa ya kula da kansa a kwanakin nan, ya tambaye ni ko sakamakonsa da matsala, na ce babu, ya zage ni ya kashe wayar. Uku daga cikinsu labarinsu ya iso ni ba tare da na nema ba, kuma ba labari mai daɗi ba ne. Sauran biyar ban bincika ba, ba kuma zan bincika ba.

Abin da ya fitar da ni daga wurin kuwa kamar kwana goma bayan nan ya faru. Na fitar da jerin kamar kullum, don na kasa dainawa, sai na ga wata lamba a ƙarshe da ba ta da suna. Na duba rasit na ƙarshe da aka yanka ranar, lambar nan ta wuce shi da shida. Wato ba a ma ba da ita ba tukuna, mutum na shida da zai shigo gobe shi zai karɓe ta. Haba, na ce wannan karon akwai abin da zan iya. Na shiga tsarin na sa ya tsallake lambar kwata-kwata, kada a ba kowa ita har abada.

Da safe na tsaya a gefen teburin karɓa ina ƙirgawa. Na ɗaya, na biyu, na biyar wani tsoho ne da sanda, har na ji zuciyata na cewa ina ma shi ne, Allah ya yafe mini. Ta shida wata matashiya ce mai tsohon ciki, ita da mijinta, suna gardamar sunan da za su sa wa abin da za ta haifa, tana dukan kafaɗarsa da jakarta tana dariya. Aka yanka mata rasit, na leƙa, an tsallake, lambar gaba aka ba ta. Na koma ɗakina na zauna ina jiran sha biyu. Da suka zo na fitar da jerin na gangara ƙasa. Lambar da na tsallake ta ɓace. Wadda ke hannun matar nan ce a wurinta.

Na tashi na cire wayata daga caji, na ajiye makullan ɗakin a kan teburin Madam, na fita. Ban tsayar da tasi ba, a ƙafa na bi hanyar bakin ruwa ina tafiya ina kuka kamar mahaukaci, mutane na kauce mini. Ban sake taka labon nan ba. Na ji sun koma takarda da biro na ɗan lokaci, daga baya aka rufe, yanzu tayil na daɓen ɗaki ake sayarwa a ginin. Inda aka kai sarbar ban sani ba. Ni dai tun ranar ban sake taɓa wata ba, gyaran waya nake yi a wata 'yar rumfa, kuma ko a nan ba na buɗe abin da ke cikin wayar mutane.

Bara na je Port Môle karɓar wani saƙo, sai na hango mijin matar nan a cikin masu jiran jirgi, na gane shi sarai, yana riƙe da hannun wata yarinya 'yar kamar shekara biyar, an yi mata kitso bai yi kyau ba. Su biyu ne kawai. Na tsaya cak, bakina har ya buɗe zan tambaye shi ina mamanta. Wataƙila tana gida tana girki, wataƙila ta riga su shiga jirgi, Allah ne masani. Na juya na tafi ban tambaya ba.

Don haka 'yan uwa, wanda jikinsa ya fara ba shi alama ya je a duba shi da wuri, kuma in an ce masa gobe, goben ta zo aka sake cewa gobe, to ya ɗauki ƙafarsa ya tafi wani wurin, kada kunyar ɗan uwansa da ke aiki a ciki ta zaunar da shi. Ku kuma abokan sana'a masu kula da irin waɗannan na'urori, in wata rana kun ga masu shigowa sun fi mutanen da ke akwai yawa, kun yi duk abin da kuka sani ya ƙi, ku ƙirga su kawai, don Allah kada ku buɗe sunayen. Wanda ya karanta har nan kuma ina roƙonsa ya sa Inna Habsu da Baba Garba a addu'a, ya haɗa da matar nan mai dariya, ko tana raye ko ba ta raye.